Filin Tambaya da Amsa: Tsofaffin Manyan Babura na Doguwar Tafiya a Zafin Kano

Wasiƙun da suka taru mana a wannan watan kusan duk a kan manyan baburan nan ne na doguwar tafiya da ake shigo da su gwanjo daga Turai da Amurka: Honda VFR800 da ST1100 da Blackbird, Suzuki Bandit, Yamaha FJ1200 da ire-irensu. Da yawansu sun ba shekara ashirin baya, amma injinansu ba su gaji ba. Abin da ke kayar da su a Kano shi ne zafi da ƙura da gurɓataccen fetur, sai kuma bakaniken da ya saba da Jincheng da Boxer, ya ɗauka duk kanwar ja ce. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Honda VFR800 ƙirar 1999. Batirina baya daɗewa, na sauya sabo, bai yi wata biyu ba shi ma ya mutu. Idan na yi tafiya na kashe babur sai an tura ni. Mai wayarin ya ce in ƙara sayen batir mai girma. Mene ne shawararku? Daga wani mai karatu a Hotoro.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sake sayen batir tukuna. Batir ma'ajiya ce kawai. Idan abin da ke cika shi ya lalace, ko wanne ka ɗora zai ƙare. A VFR, da ma yawancin Honda na shekarun 1990, wanda ake fara tuhuma shi ne rektifaya, wato ƙaramin akwatin ƙarfen nan mai haƙarƙari da ke juya wutar injin ta zama irin wadda batir ke karɓa, ya kuma hana ta wuce ƙima. Amma ba a sayen kaya da zato. Ka nemi mitar awon wuta, ana samunta a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, ka bi abin daki-daki.

Da farko ka yi wa batirin cikakken caji a waje, ka bar shi ya huta kamar awa biyu, sannan ka auna. Lafiyayye zai nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. Awon da aka yi da mataccen batir yaudara yake yi. Ka ɗaura shi, ka tayar da babur, ka kunna fitila, ka ja totur har allurar da ke nuna juyin injin ta kai 5,000, ka auna a kan kawunan batir. Abin da ake so ya faɗa tsakanin 13.5 da 14.8. Idan bai kai 13 ba, caji ba ya shiga. Idan ya haura 15, rektifaya ya daina riƙe wutar, kuma wannan ya fi haɗari: batir zai kumbura, ƙwayayen fitila su riƙa ƙonewa, har kwamfutar injin na iya tafiya. Ka yi awon sau biyu, da injin a sanyi da kuma bayan ya yi zafi har fanka ta tashi. Rektifayan da ya fara mutuwa yakan nuna lafiya da safe, sai ya ɗauki zafi ya saki aiki. Shi ya sa babur ke tashi lafiya a gida, ya ƙi tashi a Bata.

Daga nan ka bi wayoyi uku masu launin rawaya da suka fito daga injin, ka samu soket ɗin da ya haɗa su da rektifaya, ka zare shi ka duba cikinsa da kyau. A tsofaffin baburan nan sau da yawa za ka tarar robar ta yi ruwan ƙasa, wani gefen ya narke, ƙarafan ciki sun yi baƙi, har da warin ƙuna. Dalili shi ne bakin ƙarfen ya saki ko ya yi tsatsa, wuta na wucewa da ƙyar, wurin ya ɗau zafi, zafin ya ƙara sakin ƙarfen, haka dai har ya ƙone. Maganinsa a yanke soket ɗin gaba ɗaya, a haɗa wayoyin da dalma, a rufe kowace da robar nan mai tsukewa idan ta ji wuta. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin salatif ba gyara ba ne, nan da sati biyu za a koma gidan jiya. Wayoyin rawayan uku ba su da tsari, ko wacce ta haɗu da ko wacce daidai ne.

Tun da soket na zare, ka gwada kwayil ɗin caji da ke cikin injin. Babur a kashe, ka juya mita zuwa awon om, ka auna wayoyin bibbiyu: ta ɗaya da ta biyu, ta biyu da ta uku, ta ɗaya da ta uku. Kowane awo ya faɗa tsakanin 0.1 da 1.0, kuma ukun su zo kusan ɗaya. Sai ka sa baki ɗaya na mita a jikin injin, ɗayan a kowace waya. Bai kamata a ga haɗi ba ko kaɗan. Idan an gani, kwayil ya ƙone ya taɓa jiki. Sannan ka juya mita zuwa AC, ka tayar da injin, a 5,000 kowane biyu su ba ka bolt 50 ko fiye, ukun kuma su yi daidai da juna. Ka kula da yatsunka a nan, wutar tana fizga. Idan ɗaya ya yi ƙasa sosai, kwayil ne, sai sabo ko a sake naɗa shi wurin gwani.

Idan kwayil lafiya, soket lafiya, caji kuma bai shiga, to rektifaya ne. Abin da ke kashe shi: maganaɗisun da ke cikin injin kullum cikakkiyar wuta yake bayarwa, ko ana buƙata ko ba a buƙata, rarar kuma rektifaya ne ke mayar da ita, yana ɗaukar zafi. A VFR an ɓoye shi ƙarƙashin robar baya inda iska ba ta kai masa sosai. Ka haɗa wannan da ranar Afrilu a Kano da cunkoson Ƙofar Nasarawa, ka ga yadda zai ƙare. Idan za ka sauya, mun fi son irin na zamani da ake kira MOSFET, kamar Shindengen FH020AA, domin ba ya zafi kamar na asali. A ɗaura shi a kan faranti na alminiyom, a ja wayarsa mai kauri kai tsaye zuwa batir, a sa fis na amfa 30 kusa da kan batir. Jabunsa ya yi yawa a kasuwa, kuma araha ba ta ado. Wanda aka ciro daga wani babban babur na gwanjo ya fi sabon da ba a san asalinsa ba.

Abu na ƙarshe: idan babur ajiye shi kake yi kwana uku ka tarar batir ya sauka, ka cire wayar baƙi daga batir, ka sa mita a tsakani a awon miliamfa, makulli a kashe. Bai kamata ya wuce biyu ko uku ba. Idan ya wuce, ka dubi na'urar bin sawu ko jiniyar ɓarawo ko soket ɗin cajin waya da aka ƙara. In kuwa ta kama sai an ja maka wuta daga mota, injin motar ya kasance a kashe.

Tambaya: Malamai, Blackbird ɗina ƙirar 2001 yana nuna zafi digiri 104 idan na shiga cunkoso wajen Kantin Kwari. Bakanike ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye yadda ake yi wa motoci. In yarda? Daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Amsa: Kada ka yarda, ɗan'uwa. Da farko ma 104 a cikin cunkoso ba ciwo ba ne. An ƙera waɗannan injina fanka ta tashi tsakanin 100 da 105, zafin ya sauka kaɗan ta tsaya. Abin tsoro shi ne fanka na juyawa lamba kuma na ci gaba da hawa tana neman 120, ko ruwa na amai ta tiyon ƙasa, ko kana gudu a titin Zariya iska na bugawa amma zafin ya ƙi sauka ƙasa da 100.

Tamostat aikinsa ya riƙe ruwa har injin ya kai zafin aikinsa, yana fara buɗewa wajen 80 zuwa 84. Idan ya buɗe ya gama nasa, ba shi ke kawo zafin cunkoso ba. Cire shi ba zai sanyaya babur a Kwari ba, sai dai da asubar hunturu injin ya ƙi ɗumi, kwamfuta ta ɗauka har yanzu sanyi ne ta yi ta zuba mai, fulogi ya yi baƙi, fetur ya wanke bangon silinda. Fanka kuwa idan aka haɗa ta kai tsaye, tana jan wuta ba hutu a lokacin da injin ke silo, caji kuma ya fi rauni. Batir zai sauka, ita ma na'urar da ke juya fankar ba a yi ta don aikin yini guda ba. Idan kana son ka riƙa tayar da ita da wuri, a sa maka ƙaramin makunni a hannu, a bar na asalin yana aikinsa.

Abin da ya kamata a duba, mafi araha shi ne murfin lagireto. An rubuta 1.1 a kansa. Wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa har sai ya kai wajen 120, idan da kulant, wato sinadarin ruwan sanyaya injin, a ciki ya ɗara haka. Robar murfi idan ta tsufa ta tsage, ruwa zai tafasa tun kusa da 100, ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta ɗaukar zafi. Murfin shekara ashirin a sauya shi kawai. Ba a buɗe shi sai injin ya huce sarai.

Sai haƙarƙarin lagireto. Ka sa tocila ta baya ka leƙa ta gaba. Inda haske bai ratsa ba, iska ma ba ta ratsawa. Ƙurar hunturu da taɓon damina da ƙwari sukan toshe ƙasan lagireto, daidai inda tayar gaba ke watsowa. A jiƙa shi da ruwan sabulu, a wanke daga baya zuwa gaba da tiyo mai laushi. Kada masu wankin mota su sa masa injin feshi mai ƙarfi, zai kwantar da haƙarƙarin.

Cikinsa ma abin dubawa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse a cikin bututan. A zubar da tsohon ruwa, a ɗauraye har ya fito garau, a zuba kulant da tataccen ruwa rabi da rabi, kuma kulant ɗin ya zama marar silikat, domin silikat na cin sil ɗin famfon ruwa. Tataccen ruwan shi ne wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbatar ba mai asid aka ba ka ba. Bayan an cika, a tayar da injin murfi a buɗe, a ɗan ja totur sau uku ko huɗu, a matsa tiyoyi da hannu iska ta fita, a ƙara ruwa, sannan a rufe. A sauya shi duk shekara biyu. Idan kana shakkar tamostat, ka ciro shi ka rataya a tukunyar ruwa a kan wuta, za ka ga ya buɗe kafin ruwa ya tafasa. Idan bai buɗe ba a sa sabo.

In duk an yi wannan ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa, ko baƙin mai ya koma launin shayi da madara, to gaskit ɗin kan injin ne. A ajiye babur har a buɗe.

Tambaya: Na ajiye Suzuki Bandit 1200S ƙirar 1998 wata huɗu. Yanzu ba ya tsayawa a kunne sai da cok, in na saki ya mutu. Kuma baƙin mai ya ƙaru a tagar dubawa, yana warin fetur. Daga Kabuga.

Amsa: Malam, kada ka sake tayar da shi sai an zubar da wannan man. Baƙin mai ba ya ƙaruwa da kansa. Fetur ne ya gangara ciki, ya tsinka shi, kuma tsinkakken mai ba ya riƙe metal, wato ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu. Ka dubi famfon man da ke ƙarƙashin tanki. Idan an bar shi a kan PRI, fetur na zuba ko injin a kashe, sai allurar fulot ta kafireta ɗaya ta kasa rufewa, ya cika ya bi ta bawul ya sauka. Idan a ON yake kuma ka zare tiyo ka ga yana ɗiga, robar cikin famfon ta mutu. Kafin ka danna sitata ka cire fulogi huɗun, ka rufe ramukan da tsumma, ka nisantar da wayoyin fulogi, ka juya injin. Silindar da ta cika da fetur tana iya lanƙwasa sandar fistin.

Maganar cok kuwa, ƙananan jet ne na silo suka toshe. Raminsu bai kai rabin milimita ba, fetur idan ya bushe a kwanon kafireta yakan bar danƙo mai kore-kore ya liƙe su. A sauke kafiretocin huɗu a haɗe, kada a raba su da juna. Kusoshin kwanon irin na Japan ne, sukundireba mai kuros na gama-gari yana cinye kansu, a nemi wanda ya zauna daram a danna da ƙarfi. A yi su ɗaya bayan ɗaya, kada a gauraya kayansu. A ciro jet, a jiƙa a man wankin kafireta, a hura da iska, a ɗaga wa haske a ga rami zagayayye. Ba a zura allura ko wayar birki, ramin zai faɗaɗa babur ya koma shan mai har abada. Kafin a kwance sukurun iska da mai, a murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga zagaye har ya zauna, a rubuta, domin a mayar da shi yadda yake. A ƙarƙashinsa akwai sifirin da wasa da ƙaramar roba, suna saurin ɓata.

A dubi bakin allurar fulot. Idan ya yi zobe, sabuwa. A buɗe murfin sama a ɗaga robar dayafaram wa rana, ko hujin da bai kai kan allura ba zai hana babur jan gudu. Man wankin kafireta kada ya taɓa ta. Robobin da suka haɗa kafireta da injin ma sukan bushe su tsage a zafin nan, iska ta riƙa shiga ta gefe, silo ya riƙa hawa da sauka.

Tun da an sauke tanki, a auna bawul injin na sanyi: na shiga 0.10 zuwa 0.15 na milimita, na fita 0.18 zuwa 0.23. Na Bandit da sukuru da noti ake saita su, ba wuya. Bayan bawul ne ake daidaita kafiretocin huɗu da ma'aunin zuƙa, ba da kunne ba. Sai sabon mai lita 3.5 tare da sabon filta.

A leƙa cikin tanki da tocila. Idan da tsatsa, aikin kafireta zai lalace cikin kwanaki. Kuma wannan babur ba na man 'yan bumburutu ba ne, jarka takan zo da ruwa da ƙasa, wani lokacin da gauraye. Idan za ka sake ajiye shi fiye da wata guda, ka kwance ƙaramin sukurun ƙasan kowane kwano ka zubar da man da ke ciki.

Tambaya: Baƙin man mota yana yi wa babban babur? Kuma bayan kilomita nawa ake juye? Daga Sharaɗa.

Amsa: A yawancin baburan nan mai ɗaya ne ke wanke injin da giya da kuloci. Man motar zamani, musamman mai tambarin rage shan fetur, yana da sinadarin santsi da ke sa kuloci zamewa: ka ja totur a giya ta sama, injin ya yi ƙara, gudu bai ƙaru ba. Ka nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a bayan galan. Babur mai sanyaya da ruwa 10W-40 ya ishe shi. Babur mai sanyaya da iska da mai, irin Bandit da FJ1200, zai ji daɗin 20W-50 a bazara. Littattafan kamfani sun ce kilomita 6,000 a wasu, 12,000 a wasu, amma ba da ƙurar Kano aka yi lissafin ba. Mu muna ganin 4,000 zuwa 5,000, ko shekara guda, duk wanda ya riga. A sa sabuwar wasa a notin juye, kuma kada a ƙara wa sifana bututu wajen ɗaure shi, kwanon alminiyom ne, zarensa na tsigewa. Matacin iska a buɗe shi duk wata a lokacin hunturu. Na takarda ba a wanke shi da fetur, ba a kuma huda shi.

Tambaya: Tayar gwanjo da zanenta bai cinye ba, akwai matsala? Kuma iska nawa zan sa? Daga Rijiyar Zaki.

Amsa: Zane ba shi ne shekaru ba. A gefen taya, bayan haruffan DOT, akwai lamba huɗu a ƙarshe: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Misali 2318 na nufin sati na 23 a 2018. Tayar da ta wuce shekara biyar ko shida robarta ta ƙeƙashe, ba ta kama kwalta, balle a kan yashin da ke taruwa a shataletale. Idan ka ga tsage-tsage a cikin zane ko faci a gefe, ka bar ta. Yawancin waɗannan babura suna son 36 a gaba, 42 a baya a ma'aunin PSI, amma ka dubi takardar da ke manne a jikin naka. A auna da safe kafin a hau, kuma ka mallaki ma'auninka, na masu faci sau da yawa ba daidai yake ba. Kada mai faci ya cire taya da guduma da ƙarfen mota, zai lanƙwasa rim ko faifan birki.

Tambaya: Ranku ya daɗe, na sayi Honda ST1100 ƙirar 1995 daga Ingila, ina so in riƙa zuwa Kaduna da Abuja da shi. Ba shi da sarƙa, shaf ne. Me zan duba kafin in ɗau hanya? Kuma ƙafar gaba ɗaya tana tsattsafo da mai. Daga Nasarawa GRA.

Amsa: Alhaji, ka sayi babur na hanya, tankinsa lita 28 ne. Amma wanda ya zauna a Ingila, fara leƙa ƙarƙashinsa. Gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi yana cin ƙarfen da ke riƙe tayar baya, daga gaban taya inda ido ba ya kaiwa. A cire tayar, a ƙwanƙwasa wurin da sukundireba. Idan ya burma, ba tafiya sai an sauya.

Tun da taya na ƙasa, a goge haƙoran da ke haɗa ta da gidan shaf, a shafa musu man moli mai kauri, wato giris mai sinadarin molybdenum, wanda molin cikinsa ya kai kashi 40 cikin 100 ko fiye. Giris na gama-gari yana narkewa ya bar haƙoran a bushe, su cinye su zama jar ƙura, wata rana ka saki kuloci babur ya ƙi motsi. A juye man gidan shaf, a zuba man giya lamba 80 ko 80W-90 mai alamar GL-5, wajen mililita 130 zuwa 150, har ya kawo bakin ramin zubawa, babur na kan tsayuwar tsakiya.

Injin ST1100 bel ne ke juya kam ɗinsa, wato sandar da ke buɗe bawul. Kamfani ya ba shi wajen kilomita 145,000, amma roba ce, kuma idan ba ka da shaidar an taɓa sauya shi, shekarunsa kaɗai sun isa a sa sabo; in ya tsinke a guje fistin zai haɗu da bawul. Tiyoyin ruwa da ke ƙarƙashin kafireta, a tsakiyar injin, su ma sukan tsufa su riƙa ɗiga a ɓoye. Naka kuma yana cikin na kafin 1996 masu altaneta, wato na'urar caji, mai amfa 28 kawai, don haka kada a ɗora masa fitilu barkatai, kuma a duba soket ɗin wayoyin rawaya kamar yadda muka yi wa mai VFR bayani.

Man birki da na kuloci a zubar a sa DOT 4 daga sabuwar kwalba. Yana shan danshi: sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, sai ka matsa hannu ka ji fanko. Duk shekara biyu ake sauyawa, kuma ba a gauraya shi da DOT 5. A tura fistocin kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, waje kaɗan a wanke ƙurar da ta daskare a jikinsu da burushin haƙori da ruwan sabulu, domin ita ke sa birki riƙewa faifai ya yi zafi.

Tsattsafon ƙafar gaba kada ka raina shi, man na gangarowa kan fad ɗin birki, kuma fad ɗin da ya sha mai sai dai a jefar. Sau da yawa ƙwayar yashi ce ta maƙale a leɓen sil. A ɗaga robar ƙura ta sama, a yanko siririyar roba daga gorar ruwa a yi mata ƙugiya, a zura tsakanin sil da ƙarfe, a zagaya sau ɗaya a jawo datti waje, a danna kan babur sau da yawa a goge. Idan bai tsaya ba, ka bi jikin ƙarfen da farce. Duk inda farce ya maƙale, tsatsa ce mai kaifi da za ta yanka sabon sil ma, sai an goge ta da takardar yashi mai laushi sosai. Sannan a sauya sil na ƙafafun biyu tare, a zuba sabon man ƙafa gwargwadon awon littafin, domin ƙafafun ST1100 biyu ba lallai awonsu ya zo ɗaya ba.